Korona Ta Sake Ɗagowa: Yaya Za Mu Ɗauke Ta?



Mai girma shugaban taro. Ranka ya daɗe Hakimi, tare da dagatai da masu unguwannin da suka rufa maka baya, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu limamai da alarammomi, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da yayyenmu, ma'aikatan lafiya, ɗalibai, 'yan jarida, da duk wanda ya baro kasuwarsa ko ofishinsa ya zo, barkanku da yamma. Ina gode wa matasan da suka shirya wannan zama, suka ga ya dace in tsaya a gaban waɗanda suka girme ni in yi magana.

An nemi in yi bayani a kan dawowar cutar korona da irin muhimmancin da ya kamata mu ba ta. Na tabbata wasu da suka ga katin gayyata sun ce a ransu, "Korona kuma? Ba an wuce wurin ba?" Wasu kuwa, da zarar sun ji a rediyo cewa wani sabon nau'i yana yaɗuwa a waje, sai gabansu ya faɗi, domin abin da suke tunawa shi ne kulle. Duka biyun suna da dalili. Ga matsayina tun daga farko: korona ta yau ba ta kai a rufe mana kasuwa ko masallaci ko makaranta ba, amma har yanzu tana kashe tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, kuma a ƙasarmu takan yi kisan ne ba tare da kowa ya ambaci sunanta ba. Zan kafa hujja a kan batutuwa shida.

Na ɗaya: me ake nufi da "ta dawo"?

Gaskiyar magana ita ce ba ta taɓa tafiya ba. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana tun 30 ga Janairun 2020. Mutane da yawa sun ɗauka an ce cutar ta ƙare. Abin da hukumar ta ce shi ne cutar ta zama 'yar gida, kowace ƙasa ta ci gaba da kula da ita kamar yadda take kula da sauran cututtuka. Tun daga lokacin an ga nau'in JN.1 a ƙarshen 2023, an ga XEC a 2024, sannan a 2025 aka ga NB.1.8.1 yana ƙara yawan masu kamuwa a wurare irin su Singafo da Hong Kong da Tailan. Dukansu jikokin Omicron ne, wanda masana a Afirka ta Kudu suka sanar da duniya labarinsa a Nuwamban 2021.

Me ya sa take lafawa ta sake ɗagowa? Dalilai uku ne. Na farko, ƙwayar cutar tana sauya kama a duk lokacin da take hayayyafa a jikin mutane. Kamar ɓarawon unguwa ne da kowa ya san shi da jar riga. Ranar da ya sako baƙa sai ya wuce ta gaban maigadi, kafin a gane shi ya riga ya shiga zaure. Na biyu, garkuwar da jiki ya samu daga allura ko daga kamuwar baya tana raguwa bayan wasu watanni, musamman wajen hana kamuwa, ko da yake kariyar da take bayarwa daga ciwo mai tsanani ta fi daɗewa. Na uku, mu da kanmu: tafiye-tafiye, cunkoso, da zama a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ƙwayar tana bin numfashi ne, tana rataye a iskar ɗaki bayan mai ita ya yi tari ko magana.

Mu a Nijeriya mun ga zagaye huɗu. Na farko ya biyo bayan Ba'italiyen da aka tabbatar yana ɗauke da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. Na biyu ya zo a Disamban 2020 zuwa Janairun 2021, daidai lokacin da jama'a suka cire takunkumi suka ce an gama, kuma ya fi na farko yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu. Na uku shi ne na Delta, daga Yulin 2021. Na huɗu na Omicron ne a Disamban 2021. Kakanninmu ma sun ga irin wannan. Annobar mura ta 1918 ta fara da sauƙi a duniya, ta lafa, sannan ta dawo da ƙarfinta. Wannan dawowar ce ta sauka Legas ta jirgin ruwa a Satumban 1918, ta biyo layin dogo da koguna ta hau Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a ƙasar nan. Saboda haka lafawar annoba ba ta nufin ƙarewarta. Amma a lura, dawowa ma ba kullum take nufin ƙarin muni ba. Nau'ukan da ke yawo yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ga alamar sun fi na gabansu tsanani ba, kuma yawancinmu jikinmu ya riga ya san ƙwayar.

Na biyu: kada alƙaluma su ruɗe mu.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tushen gardamar. Masu cewa korona ba ta yi mana komai ba suna da hujjar da ake iya gani a takarda. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna kusan mutum 267,000 ne aka tabbatar sun kamu a Nijeriya, waɗanda suka rasu kuma 3,155. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200! Zazzaɓin cizon sauro yana kashe ninkin-ba-ninkin haka kowace shekara. To ina abin tashin hankali?

Wani ɓangare na wannan gaskiya ne. Al'ummarmu ta yara ce: kusan rabinmu ba su kai shekara 18 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su wuce uku cikin ɗari ba, alhali korona tsofaffi ta fi kayarwa. Wannan ya rage mana ɓarna ƙwarai idan aka kwatanta da Italiya ko Amurka. Alhamdu lillahi.

Amma jama'a, mu mutanen Kano, ai ba labari aka ba mu ba. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a jihar nan. Cikin makonnin da suka biyo baya, wa ya manta yadda sanarwar rasuwa ta cika gidajen rediyo? Kana dawowa daga jana'iza ana kiran ka wata. Masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartu su ne suka fara faɗa wa 'yan jarida cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Dattawan unguwa, malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, 'yan kasuwa, suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma ɗakin gwajin da ake da shi a Kano ya tsaya da aiki na wani lokaci. An ce maleriya ce, an ce taifod ne, an ce sanƙarau ne, an ce zafi ne.

Gwamnatin tarayya ta turo tawaga ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo. Tun da an riga an binne mamatan, sai aka bi gida-gida ana tambayar iyalai yadda ciwon ajalin ya kasance. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya sanar da sakamakon: an ƙirga rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni; a lokacin da abin ya yi tsanani ana rasa kusan mutum 43 a rana, maimakon kusan 11 da aka saba; fiye da rabi a gida suka cika; yawancinsu sun haura shekara 65; kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin korona ce sanadi, ko ita ce ta tunzura ciwon da suke da shi. Ku yi lissafin da kanku. Mutum wajen 500 ke nan a birni ɗaya cikin 'yan makonni, kuma mafi yawansu ba a taɓa ɗibar samfurinsu ba, balle su shiga cikin alƙaluman da ake karantowa kowane dare.

Ku kuma tuna wane wata ne. Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Wanda ke cewa zafin Arewa yana kashe ƙwayar, sai ya gaya mana abin da ya faru a wannan wata.

Ba mu kaɗai ba ne alƙaluma suka gaza kamo gaskiyarmu. A duniya baki ɗaya waɗanda aka rubuta sun mutu da korona sun haura miliyan 7, amma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta mace-macen 2020 da 2021 da abin da aka saba gani, sai ta ƙiyasta ƙarin mutum miliyan 14.9. Idan haka ta faru har a ƙasashen da ba a binne gawa sai da takardar likita, ina ga mu da muke sallatar mamaci cikin sa'o'i kaɗan, kuma yawancin rasuwarmu ba a kai rahotonta ga Hukumar Ƙidaya? Yau da gwaji ya yi ƙaranci fiye da da, idan aka ce "ba a samu ko mutum ɗaya ba," tambayar farko ita ce: mutum nawa aka gwada?

Na uku: me ya sa jama'a ba su yarda ba?

Ba na cikin masu cewa jahilci ne. Talakan da ya ce "korona ta masu kuɗi ce" ya ga abin da ya gani. Sunayen da ya fara ji su ne na Gwamna Bala Mohammed na Bauchi da Gwamna Nasir El-Rufa'i na Kaduna, waɗanda suka kamu a Maris ɗin 2020 suka warke, sai Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. A Nijar ma Ministan Ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ya rasu da ita a watan Mayu. Manya su ne ke hawa jirgi, su ne kuma ake gwadawa. Dattijon da ya rasu a Kurna ko Ɗorayi ba wanda ya gwada shi, don haka ba wanda ya kira sunan cutarsa.

Sai kulle. An rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris, Ogun ta biyo baya. Kano ta shiga nata a tsakiyar Afrilu, shugaban ƙasa ya ƙara mako biyu ranar 27 ga wata, ga azumi ya kama. Ɗan dako, mai shayi, ɗan adaidaita sahu, mai awara a ƙofar gida, waɗanda sai sun fita suke ɗora tukunya, aka ce su zauna. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyu na farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar, adadin da ya fi na waɗanda aka sanar cutar ta kashe a lokacin. An yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu suna ɗauke da cutar. A Yamai matasa sun yi arangama da 'yan sanda kan hana sallar jam'i. Sannan a Oktoban 2020 aka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa, aka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan yunwar da aka tanade su dominta. Wanda ya ga wannan, yaya za ka ce masa ba a ci kasuwa da sunan cutar ba?

Batun allura kuwa, ciwonmu ya girmi korona. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin zana da ke nan Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa, shari'a ta kai 2009 kafin a yi sulhu a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, kuma mun san yaran da suka biya kuɗin wannan dakatarwa da ƙafafunsu. Da korona ta zo, ƙasashe masu arziki suka saye allurai suka tara. Kason farko ya iso Abuja ranar 2 ga Maris ɗin 2021, kusan miliyan 4. Daga baya aka riƙa turo mana waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa, har a Disamban 2021 aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja. A wannan watan ne kuma Ingila ta hana matafiya daga Nijeriya shiga ƙasarta saboda Omicron, alhali nau'in ya riga ya bazu a Turai.

Duk wannan ya faru, kuma ba na neman kowa ya manta. Abin da nake roƙo shi ne a raba ƙorafi da cuta. An zalunce mu wajen rabon tallafi, gaskiya ne. An ci amanarmu a 1996, gaskiya ne. Cutar kuma tana nan tana toshe huhun tsoho, wannan ma gaskiya ne. Idan haushin hukuma ya sa na ƙi kare mahaifina, wa na hukunta?

Na huɗu: wa ke cikin haɗari, kuma me za a yi masa?

Ga saurayi ko budurwa mai ƙoshin lafiya, korona ta yau yawanci mura ce: ciwon maƙogwaro, tari, zazzaɓi, ciwon jiki, bayan 'yan kwanaki a miƙe. Na ce yawanci, domin akwai waɗanda kasala da haki da mantuwa ke bin su watanni bayan sun warke. Haɗarin gaske yana kan wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, asma ko tarin fuka, da mai ƙiba sosai, da mace mai juna biyu, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Yanzu kowa ya duba gidansu. Akwai gidan da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan? Ga kuma ƙarin matsala: da yawa daga cikin masu suga da hawan jini a cikinmu ba su san suna da shi ba.

Ku bari in kwatanta yadda abin ke faruwa. Jika ya dawo daga makaranta ko daga kasuwar Kwari da 'yar mura. Da daddare ya shiga ɗakin kakarsa Hajiya ya gaishe ta, ya zauna a bakin gado suna hira. Hunturu ne, an rufe taga, an toshe kafar ƙofa da tsumma, ga kaskon wuta. Bayan kwana uku Hajiya ta fara masassara. Aka aika kemis, aka haɗo maganin maleriya da na taifod, wani ya kawo tazargade a turara. Labari ya bazu, 'yan dubiya suka cika ɗaki, kowa da kwanon kununsa, cikinsu har da ƙawayenta tsofaffi irinta. A kwana na shida ko na bakwai ta ce ta ji sauƙi, sai dai in ta je banɗaki ta dawo tana haki. Aka ce rashin cin abinci ne. Kwana biyu bayan haka aka ɗauke ta ranga-ranga cikin dare ana neman asibitin da ke da oksijin. In ta cika, sai a ce suga ne ya tashi. Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan labari. Kowa ƙauna ce ta kawo shi ɗakin.

A ina za a iya katse wannan? A wurare huɗu, kuma ba ɗaya da ke bukatar dokar gwamnati. Mai mura ya gaishe da tsoho daga bakin ƙofa, ko ya sa takunkumi, har ya warke. Wannan ba raini ba ne, biyayya ce. A buɗe taga ko da rana ce, a lulluɓe tsoho da bargo maimakon a toshe masa iska. A taƙaita dubiya idan ciwon na tari da zazzaɓi ne. Waya ta wadatar, addu'a tana isa daga nesa. Sannan a san alamun da ba a kwana da su a gida: haki ko sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa ko yawan barcin da ba a saba gani ba, kasa ci da sha, da suga da ya ƙi sauka. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Idan ta nuna 92 ko ƙasa da haka, a tafi asibiti nan take, ko da majinyacin yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin korona takan rage oksijin tun kafin mutum ya ji a jikinsa. Ina ba da shawara kowane gida mai tsoho, ko kowane masallacin unguwa, ya mallaki guda ɗaya.

Game da magani, a yi hattara. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa korona. Kulorokwin, wanda aka yi ta rububinsa a 2020 har wasu suka kwanta asibiti a Legas saboda sun sha fiye da kima, an gwada danginsa a kan dubban majinyata a Ingila ba a ga amfaninsa ba. Jiƙon da aka kawo daga Madagaska, masu bincikenmu a Abuja sun duba shi, suka tarar tushensa ganye ne dangin tazargade, ba su kuma ga shaidar yana warkar da cutar ba. Dexamethasone kuwa, wannan binciken na Ingila ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Amma ga wanda bai kai bukatar oksijin ba, ba ya da amfani, yana ma iya tayar da suga. Maganin asibiti ne, ba na kan teburin mai kemis ba.

Allurar rigakafi fa? Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya ce tana hanawa ya yi ƙari. Aikinta shi ne rage yiwuwar ciwon ya kai ga gadon asibiti ko kabari, kuma a nan ta yi aiki. An yi sama da allura biliyan 13 a duniya. An ce duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, an ce ba zai haihu ba. Shekarun sun wuce. Waɗanda aka yi wa suna cikin zauren nan, wasu da goyonsu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yanzu ita ce a fi mayar da hankali kan tsofaffi, masu ciwon da ya daɗe, masu juna biyu da ma'aikatan lafiya. Wanda ke cikin waɗannan ya tambayi likitansa.

Na biyar: tawakkali.

Wannan fagen malamai ne, ga su a zaune, zan taɓa kaɗan in bar musu. A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a Amwas ta ƙasar Sham. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa can labari ya riske shi. Ya yi shawara da sahabbai, Abdurrahman bin Auf ya sanar da shi umarnin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, na kada a shiga garin da annoba take, kada kuma na ciki su fita, sai ya juya Madina da jama'arsa. A wannan annoba Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal suka rasu. Akwai wanda zai ce ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali? A zamaninmu ma, a 2020 'yan tsiraru mazauna Saudiyya ne kawai suka yi aikin Hajji, a 2021 aka taƙaita shi ga mutum 60,000, shekara biyu ba maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya. Yanzu an buɗe, alhamdu lillahi, kuma mun san yawancin alhazanmu dattawa ne, mun kuma san tarin da ake dawowa da shi. Alhajin da ya sauka yana tari, a bar shi ya huta kwana biyu kafin a cika masa ɗaki da 'yan barka da sauka. Roƙona ga limamai shi ne, idan mura ta yi yawa a gari, a faɗa a kan mumbari cewa mai tari da zazzaɓi yana da uzurin yin salla a gida, a kuma buɗe tagogin masallaci. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi sanarwar rediyo goma.

Na shida: abin da muke nema daga hukuma.

Kada a sake yi mana kulle irin na 2020 a kan nau'ukan da ke yawo yanzu. Illarsa za ta fi amfaninsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. A Afrilu da Mayun 2021 Indiya ta kai ga samun sama da mutum 400,000 masu kamuwa a rana ɗaya, mutane suna cikawa a ƙofar asibiti don babu oksijin, watanni kaɗan bayan an yi zaton sun tsallake. A Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta amince a kafa cibiyoyin samar da oksijin 38 a faɗin ƙasar nan. 'Yan jarida, ga aiki: ku je ku gano mana nawa ne ke aiki yau, da nawa ake cajin talaka kan tukunya ɗaya. Oksijin ɗin da zai ceci Hajiya daga korona shi ne zai ceci jikanta daga ciwon huhu, don haka ba asara ba ce ko korona ba ta zo ba.

A ci gaba da gwaji a manyan asibitoci, a kuma riƙa faɗin sakamako yadda yake, da Hausa. A ba masu unguwanni da masu kula da maƙabartu littafin rubuta rasuwa, domin a 2020 su ne suka riga kowa sani. Da ana tattara alƙalumansu kowane mako, da an farga da wuri. Mashaƙon da ya addabi yaranmu tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha fama da shi, ya isa ya nuna cewa wannan tanadi ba na korona kaɗai ba ne.

Mu kuma a namu ɓangaren, idan kuka ji asibitoci sun fara cika da dattawa masu haki, ko jana'izar tsofaffi ta yi yawa a unguwa fiye da yadda aka saba, kada ku jira sanarwa daga Abuja. Ku sa takunkumi a mota da asibiti, ku rage kai tsofaffi cikin cunkoson biki, ku sanar da mai unguwa da cibiyar lafiya mafi kusa. Kafin nan, a cikin makon nan, kowa ya kai mahaifinsa da mahaifiyarsa a auna musu suga da hawan jini.

 Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa waɗanda suka shirya wannan zama da alheri. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma bai gamsu da wata magana tawa ba ya faɗa a fili mu tattauna. Ina roƙon shugaban taro ya fara ba iyayenmu mata dama, domin su ne ke jinya a gida.